Yadda harin raƙuma ya mutu a hamadar Jodan, da waɗanda suka ci ribar mutuwarsa

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan gida. Wani tsohon ɗalibina ya je Jodan, ya turo mini hotonsa a Petra tare da ɗan sandan hamada: doguwar riga ruwan ƙasa har idon sawu, jar ɗamara, jerin harsashi a gicciye bisa ƙirji, wuƙa a ƙugu, hirami ja da fari a ka. Ya ce, "Malam, ga kayan gargajiyarsu." Na ce masa wannan kayan bai cika shekara ɗari ba, kuma Bature ne ya tsara shi.

Sunan Baturen John Bagot Glubb. Larabawa na kiransa Abu Hunaik, mai ɗan muƙamuƙi, saboda raunin da ya samu a haɓa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya yi shekara goma a Iraƙi, ƙarshen 1930 aka kawo shi gabashin Kogin Jodan, ƙasar da Amir Abdullahi ɗan Sharif Husaini ke sarauta amma linzamin na hannun Ingila. Lokacin hamadar ba ta shiguwa. Huwaiɗat da Bani Sakhar da Sirhan a wannan ɓangare, ƙabilun Najdu da arewacin Hijaz a wancan, kowa na kwasar raƙuman kowa. Ingila ta sa jiragen yaƙi da motoci masu sulke da sojan kan iyaka, abin ya faskara. Glubb ya ce a janye masa sojan, ya ɗebi 'ya'yan Badawiyyan da kansu ya kafa rundunar sintirin hamada a 1931. Kafin 1932 ta fita hari ya kwanta.

Abin da nake so mu tattauna: mene ne ainihin abin da ya kashe harin, kuma wa ya ci riba?

Auwal Ƙarami:
Wa alaikumus salam Malam. Ni da na ga Badawiyyai na ɗauka Badawanmu na Gashuwa ne suka je can suka addabi mutane.

Malam Habibu:
Kai Auwal, ka kiyayi mutanen Gashuwa, akwai su a zauren nan. Larabawan daji nake nufi, makiyayan raƙuma masu tantin gashin akuya.

Baba Sajan:
Malam, tambayar soja: mutum nawa ya fara da su, kuma da wane makami?

Malam Habibu:
Baba, ba su kai ɗari biyu ba a shekarun farko. Ya soma da 'yan tsirarun mutane da 'yan motoci da aka ɗora wa bindiga mai ruwa, sauran a kan raƙuma. Na farkon ma akasari yaransa ne da suka biyo shi daga Iraƙi, domin Huwaiɗat sun ƙi shiga. A wurinsu gwamnati abokiyar gaba ce, kuma suna da hujja. Sojan Ingila na iya hana su tsallaka iyaka su ƙwato dukiyarsu, amma ba sa iya tare masu tsallakowa daga can su kwashe musu. An ɗaure maka hannu, an bar mai dukanka a sake. Ga fari, ga fara. Ƙabilar da ta yi tashe a yaƙin 1917 ƙarƙashin Auda Abu Tayi, ta ci Aƙaba, sai ga ta cikin yunwa. Abin da ya sauya ra'ayinsu shi ne ganin an bi sawun mahara an dawo musu da raƙuma har ƙofar tanti. Daga nan samari suka fara zuwa ɗai-ɗai.

Baba Sajan:
To na gane. Jirgi yana iya razana mutum amma ba ya kwana a bakin rijiya. Matuƙin da ke sama ina zai bambance mahari da mai kiwo? Duk raƙumi da farar riga yake gani. Shi kuwa ɗan wurin, kashin raƙumi kaɗai zai murtsuke ya faɗa maka daga wace makiyaya ya fito da kwana nawa da wucewarsa. Na tabbata a bakin ruwa ya kafa sansanoninsa.

Malam Habibu:
Kamar kuna wurin, Baba. Azraƙ, Bayir, Jafar, Mudawwara, Rum, duk a kan ruwa, kowanne da wayar iska. Mahari dole ya shayar da raƙumansa, kuma garken da aka koro ba ya gudu kamar mota. Kowace ƙabila tana da tambarin lalas nata a jikin raƙuma, don haka in an kama garke ba a doguwar shari'a a kan mai shi.

Baban Khalifa:
Malam Habibu, da girmanka, amma wannan labarin yadda ka jero shi kamar Bature ya zo taimakon bayin Allah ne. Wa ya jawo masifar tun farko? Su waye suka zauna a Uƙair a 1922 Baturen Ingila Percy Cox ya ja layi a taswira ya raba Iraƙi da Najdu da Kuwait? Su waye suka yi yarjejeniyar Hadda a 1925 Wadi Sirhan, inda ƙabilun Jodan ke kai dabbobinsu da hunturu, ya faɗa hannun Ibn Sa'ud, mai mulkin Najdu? Mutanen da tun kakanninsu ke bin ruwan sama da ciyawa, rana ɗaya aka ce musu nan ƙasar wani ce. Sannan shi Glubb ɗin, a Iraƙi jami'in leƙen asiri ne na sojan saman Ingila, a shekarun da ake jefa wa ƙabilu bam a kan haraji. Kuma ku duba lokacin: 1931 an kafa runduna, 1932 an fara shimfiɗa bututun mai daga Kirkuk zuwa Haifa, ya ratsa wannan hamadar, aka buɗe shi a 1935. Har yau akwai wuraren da tsofaffi ke kira H4 da H5, sunayen tashoshin tura man. Mai gadin bututu aka nema, aka samu da araha.

Malam Habibu:
Ban musa ko ɗaya ba, Baban Khalifa. Sai dai matar da aka dawo wa mijinta da taguwar da take tatsa, ba ruwanta da Kirkuk.

Baban Khalifa:
Haka nan bawan da aka ƙosar da tuwo ba ruwansa da kasuwar da za a kai shi.

Ustaz Nura:
Assalamu alaikum. A yi haƙuri in shigo tsakanin manya. Ina ganin ku duka biyun kun ba Baturen girman da ya wuce nasa, ɗaya ta yabo ɗaya ta zargi. Rabin aikin Sarki Abdul'aziz, wato Ibn Sa'ud ɗin, shi ya yi shi a can ɓangaren.

Hari iri biyu ne a wancan zamani. Akwai gazwu na al'ada: samari su fita su koro raƙuma, a bi su, in an cim musu a fafata, in sun tsira sun yi suna. Yana da ƙa'ida. Ba a taɓa mace, wanda ya miƙa wuya ba a kashe shi, sau da yawa akan bar wa gida abin hawa da za su kai ga ruwa. Kowa na tsoron zubar da jini saboda bashinsa na bin dangi har kakanni biyar. Sai kuma harin Ikhwan, kuma don Allah kada a haɗa su da Ikhwan na Masar na Hasanul Banna, ba su da alaƙa. Waɗannan Badawiyyai ne na Muɗair da Utaiba da Ajman da sauransu da aka zaunar a garuruwan da ake kira hijira, irin su Arɗawiyya da Gaɗgaɗ. Su ba raƙuma kaɗai suke nema ba, suna ganin wanda suka tarar mushiriki ne, sai su karkashe maza. A 1924 sun kai har ƙauyukan Bani Sakhar daf da Amman, sai da jirage da motocin Ingila suka tarwatsa su. A 1927 suka afka wa sansanin Busayya a kudancin Iraƙi. Da suka fi ƙarfin mai gidansu Ibn Sa'ud, shi da kansa ya yaƙe su a Sabila cikin Maris 1929. Faisal Duwaish, shugaban Muɗair, ya miƙa kansa ga Turawa a Kuwait farkon 1930, suka danƙa shi ga Ibn Sa'ud, ya mutu a kurkukun Riyad a 1931. Wato Glubb ya iso Jodan bayan an karya babban ƙashin. A 1933 kuma ƙasashen biyu, Jodan da Saudiyya, suka sa hannu kan yarjejeniyar maƙwabtaka, jami'an iyaka na nan da na can suna haɗuwa suna musayar dabbobin sata. Da a ce mahari na da inda zai tsallaka ya kwana lafiya, da motocin Glubb sun gaji da zarya.

Malam Habibu:
Wannan gyara ne mai kyau, Ustaz, na karɓa.

Hajiya Rabi:
Ni ba ni da ilimin littafi irin naku, amma kakana na wajen uwa ya yi hajji sau biyu. Na farko da ƙafa, yana saurayi, ta Fallomi da Sudan, suna tafe suna aikin gona suna tara guzuri, suka haye ta Sawakin, zamanin Sharif. Na biyu yana tsoho, bayan an fara zuwa a jirgi. Muna yara yakan ce hanyar Makka zuwa Madina ta fi duk tafiyar shekarun nan ban tsoro. Masu kuɗi na cikin ayari a kan raƙuman haya, su takari suna bin baya a ƙasa. In dare ya yi ba mai fita bayan gida shi kaɗai. Ya ce wani abokin tafiyarsu ya tsaya gyara takalmi, ayari ya ɗan yi gaba, ba a ƙara ganinsa ba. Ya ce an taɓa tsayar da su kwana biyu a wani kwazazzabo ana ciniki da masu duwatsun, sai da aka bi kowa ya kawo abin da ke hannunsa. Da ya koma karo na biyu a mota suka je Madina, direba ya tsaya a daji ya bar motar a buɗe da kayan mutane aka yi salla. Ya ce shi dai bai iya barin jakarsa ba, da ita ya yi sujada a ƙarƙashin hammata, ana yi masa dariya. Allah ya jiƙansa.

Ustaz Nura:
Amin Hajiya. Wannan yankin na ƙabilar Harb ne.

Malam Habibu:
Amin ya Allah. Hajiya, labarin kakanku ya kawo mu inda nake so a zo. Su masu duwatsun ba sa kallon kansu a matsayin 'yan fashi. Hanya ta bi ta ƙasarsu, dole a biya. Daular Usmaniyya ta san haka, shi ya sa duk shekara ayarin Sham ke tafe da surra, jakar kuɗi, ana raba wa shehunan kan hanya. Shekarar da aka hana ko aka rage, a shekarar ake tare mahajjata. Ƙauyuka da ƙananan ƙabilu su ma suna biyan khawa, kuɗin 'yan'uwantaka, ga babbar ƙabila don ta kare su, har da kariya daga ita kanta. Abincin Badawi ke nan: sayar da raƙumi, hayar raƙumi, kuɗin hanya, khawa, ganima.

To ku lissafa. Jirgin ƙasan Hijaz ya isa Madina a 1908, ya fara cin hayar raƙumi. Mota ta shigo bayan yaƙi ta ƙarasa. Farashin raƙumi ya faɗi. Gwamnati ta hana khawa don ita ke son karɓar haraji. Iyaka ta tsare makiyaya. Saura hari, shi ma aka zo hanawa. Da Glubb ya tsaya a hani kawai, da yunwa ta mayar da su. Abin da ya yi shi ne ya sa albashi a gurbin ganima. Saurayin da ke son a san shi jarumi ne ya samu bindiga da raƙumi da riga mai ɗaukar ido da kuɗi duk wata, kuma gida guda na ci daga albashin nan. Shehunai aka yanka musu alawus a kan su riƙe mutanensu. A sansani ana koya wa sojan karatu da rubutu, aka buɗe wa yara 'yan makarantu, aka ba wasu iri su gwada noma. A ganina wannan ne ya kashe hari, bindiga mai ruwa ta taya ne kawai.

Baba Sajan:
Albashin da ke zuwa ranar da aka ce. Ku ja layi a ƙarƙashin wannan. Na yi aiki a inda muka yi wata uku ba alawus, na ga abin da yara masu bindiga ke komawa yi a shingen hanya. Ba zan faɗi wurin ba.

Ɗan Agadas:
Salamu alaikum. Mu nan wannan ba baƙon labari ba ne. Faransa ta riga Ingila. Tun 1902 wani hafsan Faransa, Laperrine, ya kafa rundunonin raƙuma a Saharar Aljeriya da Larabawan Sha'amba, mu kuma a Nijar aka yi gumiye, sojan raƙuma 'yan ƙasa. A Siriya ma sun yi irinta a Tadmur da Dairuz Zur. Amma akwai abin da ba ku taɓo ba. Sha'amba tsofaffin abokan gabar Buzayen Ahaggar ne. Ka ba mutum bindigar gwamnati ka ce ya tsare daji, wanda zai fara tunawa shi ne wanda ya kashe kakansa. Shi Baturenku yaya ya yi da wannan?

Malam Habibu:
Tambaya ce mai nauyi, Ɗan Agadas. Bai yarda a yi rukunin ƙabila ɗaya ba. Bahuwaiɗe da ɗan Bani Sakhar da Bashammare tanti ɗaya, akushi ɗaya, mota ɗaya. Ya yi ƙoƙarin mayar da rundunar kanta ƙabila, shi ne shehunta. Kuma in an kama samarin ƙabila sun fita hari, raƙuman ƙabilar ake tsarewa har a dawo da na mutane, ba a ƙona tanti. Ban ce ba a taɓa son kai ba, 'yan Adam ne.

Ɗan Gusau:
Ni tun ɗazu nake karantawa raina na ɓaci, don na san inda maganar nan za ta. Yanzu wani zai ce mu ma a ɗauki 'yan bindiga aiki a ba su albashi. An yi sulhu a jiharmu ba sau ɗaya ba, me ya haifar?

Auwal Ƙarami:
Yaya, ai ni har na fara rubuta hakan sai na goge.

Ustaz Nura:
Gara da ka goge, Auwal. Ɗan'uwa na Gusau, Allah ya kawo muku sauƙi. Abin ba ɗaya ba ne. Can dabba ake kora, ba mutum ake sacewa a sayar wa danginsa ba. Can akwai shehun da in ya ɗaga hannu samari dubu za su zauna, kuma in ya saɓa alkawari sunansa ya ɓaci a duk hamada. Waɗanda suka keta wannan ƙa'ida suka koma yanka mutane, wato Ikhwan, ba wanda ya ba su albashi kafin a karya su a Sabila. Kuma kuɗin Landan ne ke biyan rundunar, ƙasar ba ta da shi.

Ɗan Gusau:
To a tsaya a can ɗin.

Mai Kula da Zaure:
A tsaya a can ɗin, kamar yadda ya ce. Mai son maganar gida ya buɗe mata nata zaren.

Ustaz Nura:
Bari in ba ku abin da na gani da idona, don ku ga al'adar ba ta mutu ba ko da hari ya mutu. Na yi karatu a Mafraƙ. Ɗan'uwan mai gidan da muke haya ya buge wani yaro da mota, yaron ya rasu. A daren nan mazan gidan suka watse, domin akwai kwana uku da sulusi da suke kira tafasar jini, wanda dangin mamaci ke iya yin komai cikin zafin rai. 'Yan sanda suka zo suka tsaya a ƙofa, manya suka je suka karɓo aɗwa, wato tsagaita hannu na wani wa'adi, da masu lamuni daga kowane ɓangare. Bayan wa'adi aka yi jaha, wato tawagar manya da ke zuwa neman sulhu. Mai gidan ya ce mu biyo shi mu ƙara yawa. An kafa dogon tanti, mutum ɗaruruwa, dangin yaro a jere a gefe guda, mu a gefe guda. Aka zuba gahawa a finjali aka miƙa wa dattijon da ya jagorance mu. Ya karɓa, bai sha ba, ya ajiye a ƙasa gabansa. Wurin ya yi tsit. Ya miƙe ya yi magana mai tsawo, ya jawo aya, ya yabi gidan, ya ce ba za mu sha gahawarku ba sai kun biya mana abin da ya kawo mu. Kawun yaron ya faɗi diyya, adadi mai nauyi. Sai aka shiga ragi: wannan kaso saboda Allah, wannan saboda Manzonsa, wannan saboda sarki, wannan saboda fuskokin da suka zo. Da aka kai ƙarshe uban yaron, wanda bai ce uffan ba tun farko, ya ɗago ya ce, "Ku sha gahawarku." Ta riga ta huce. Aka zubar aka zubo sabuwa. Akwai jami'in gwamnati a zaune, aka rubuta takarda ya sa hannu, ita aka kai kotu.

Glubb bai rushe wannan tsari ba, da shi ya yi mulki. Dokokin 1936 sun ba kotunan ƙabila gindin zama, kuma shi ne mai faɗa a ji a kan duk harkar Badawiyyai. An soke dokokin a 1976, amma ga shi ni na zauna a jaha shekaru da yawa bayan nan.

Barista Maman Iman:
Ustaz, labarin finjali da daɗin ji, amma ka tsallake jalwa. In kisan ganganci ne, ba mai laifi kaɗai ke barin gari ba, a al'adance duk wanda suka haɗa kaka na biyar sai ya kwashe iyalinsa. Tsohuwa da jariri da yarinyar da ke shirin jarrabawa, duk a mota cikin dare saboda abin da wani ɗan baffa ya aikata. Sai a 2021 gwamnatin Jodan ta fito da takardar da ta taƙaita abin ga mai kisan da ubansa da 'ya'yansa maza. A da can ma har yarinya akan bayar aure cikin diyya, ta haifa wa dangin mamaci namiji a madadin wanda suka rasa. A tantin da kuka zauna mace nawa ka gani? Zaman lafiyar nan akwai waɗanda suka biya kuɗinsa ba a tambaye su ba.

Ustaz Nura:
Ko ɗaya, Barista. Kuma jalwa a wannan faɗin ba ta da madogara a shari'a, wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Malamansu ma suna faɗa.

Alhaji na Tamale:
Gaisuwa daga Gana. Abin da ya ba ni sha'awa, akwai wani Bature da ya yi irin wannan aiki a Hadramaut, kudancin Yaman, kuma ya zo ya zauna a garinmu. Harold Ingrams. A 1937 ya sa shugabannin ƙabilu sama da dubu suka sa hannu kan sulhun shekara uku, a ƙasar da mutum kan yi shekaru bai fita daga gidansa ba saboda maƙwabcinsa na jiransa da bindiga. Har yau da sunansa ake kiran sulhun, alhali wanda ya kashe dukiyarsa ya kuma yi amfani da darajar gidansu shi ne Sayyid Abubakar Alkaf na Tarim, mai arzikin Singafo. Ƙabilar da ta ƙi ji kuma jirgi ya je ya yi mata ruwan bam. Ya kafa rundunar Badawiyyai irin ta Glubb. Daga baya, 1947, aka turo shi Tamale ya zama babban kwamishinan Arewacin Gwalkwas, wato Gana ta yau. Bai daɗe ba.

Baban Khalifa:
Alhaji ka taimake ni. Ko ina Balarabe ya yi aiki, Bature ya ɗauki suna. Yanzu Malam Habibu, ƙarasa labarin, kada ka tsaya a inda yake da daɗi. Ina 'yan sintirin nan suka ƙare?

Malam Habibu:
Zan ƙarasa, kuma a nan kusan bakinmu ɗaya. A 1939 Glubb ya gaji wani Bature, Peake, a shugabancin sojan ƙasar gaba ɗaya. 'Yan sintirin suka zama ƙashin bayan rundunar yaƙi. A 1941 ya kai su Iraƙi suka taya Ingila kayar da gwamnatin Rashid Ali, daga nan Siriya. Sojan Ingila na yi musu ba'a suna kiransu 'yan matan Glubb saboda dogon gashi da dogayen riguna, har suka ga aikinsu. A 1948 su suka riƙe Laɗrun da tsohon birnin Ƙudus, amma faɗuwar Lidda da Ramla ta sa Falasɗinawa ba su taɓa yafe masa ba. Bayan an haɗe Yammacin Kogi a 1950, yawancin 'yan ƙasa suka zama Falasɗinawa da mutanen birni masu ilimi, masu sauraren rediyon Sautul Arab daga Alƙahira. Sojan kuwa ya haura dubu ashirin, kuma rukunan da suka fi ƙarfi na Badawiyyai ne, waɗansunsu ma ba haifaffun ƙasar ba. Glubb bai ɓoye cewa ya fi amincewa da ɗan tanti a kan ɗan makaranta ba, yana ganin na biyun siyasa za ta ɗauke shi. Matasan hafsoshi 'yan birni suka ƙullace shi. Ranar 1 ga Maris 1956 Sarki Husaini, yana ɗan shekara ashirin, ya sallame shi.

Amma ku dubi abin da ya faru bayan shekara guda. Afrilu 1957, sarki ya sauke gwamnatin Sulaiman Nabulsi da aka zaɓa, rikici ya tashi a barikin Zarƙa tsakanin rukunan Badawiyyai da na hafsoshin da ke tare da Ali Abu Nuwar, babban hafsan soja. Sarki ya shiga mota ya tafi barikin da kansa, Badawiyyai suka yanyame shi suna sumbatarsa, suna neman kan Abu Nuwar. Washegari mutumin ya bar ƙasar zuwa Siriya. Aka kafa dokar soja, aka haramta jam'iyyu, ba su dawo bisa doka ba sai 1992. A Satumbar 1970 kuma rukunan nan ne suka yaƙi dakarun Falasɗinawa a cikin Amman, ƙarƙashin Habis Majali.

Baban Khalifa:
To ka gani. Har yau akwai masu cewa babu wani juyin mulki a Zarƙa, an shirya ne don a kawar da zaɓaɓɓiyar gwamnati. An kori Bature, an riƙe karen da ya horar.

Baba Sajan:
Ɗana, janye kalmar kare. Mutanen da suka mutu a Laɗrun ba karnuka ba ne.

Baban Khalifa:
Na janye, Baba, a gafarce ni. Amma ma'anar tana nan. Ƙabilar da ke karɓar kuɗi daga hannun Sarkin Musulmi na Istanbul kafin ta bar ayarinsa ya wuce, jikokinta sun koma jiran ƙarshen wata.

Malam Habibu:
Jikokin kuma ba sa kwana da tsoron a wayi gari ba taguwa ko ɗaya a bakin tanti. Kuma jiran bai zama na banza ba: kujerun majalisa da aka keɓe wa Badawiyyan arewa da tsakiya da kudu, guraben jami'a na 'ya'yan soja, manyan muƙamai. Sarauta na buƙatarsu kamar yadda suke buƙatarta. Inda na yarda da kai shi ne wanda ba ya cikin wannan ciniki, Bafalasɗine da ɗan birni marar ƙabila, shi aka bari a rana.

Baban Khalifa:
Da matan Barista.

Barista Maman Iman:
Na gode da aka tuna.

Auwal Ƙarami:
Malam, shi Baturen ina ya ƙare?

Malam Habibu:
Washegarin sallamarsa da safe aka sa shi a jirgi zuwa Kubrus shi da iyalinsa, bayan shekara ashirin da biyar da 'yan kai a ƙasar. Ya koma Ingila ya zauna rubuce-rubuce, ya rasu a 1986. Ɗansa da aka haifa a Ƙudus, wanda ake kira Faris, ya musulunta, ya zama ɗan jarida, ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar Falasɗinawa.

Baban Khalifa:
To wannan ɗan na yarda da shi.

Ɗan Agadas:
Akwai wani tsoho a unguwarmu da babansa ya yi gumiye. In na same shi gobe bayan la'asar zan tambaye shi nawa ake biyansu, kuma raƙumin na gwamnati ne ko na mutum, don na ji an ce da nasu suke shiga.

Baba Sajan:
Ka tambayo har da wanda ke biya in raƙumin ya mutu a bakin aiki. Malam Habibu, turo mana hoton nan na ɗalibinka in ga yadda suke ɗaura harsashin.